Darasi: Yaye daga Maganin Riƙo ga Mai Fama da Matsananciyar Fargaba

A asibitin Muhimbili da ke birnin Darussalam na Tanzaniya akwai wata taga da ake yin layi a gabanta kowace safiya tun daga shekarar 2011. Mutum zai matso, a tabbatar shi ne, ma'aikaci ya auna masa wani ruwan magani a ɗan kofi, ya shanye a gabansa, ya kora da ruwa, ya kama hanyar wurin sana'arsa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Sunan maganin metadon, masu layin kuwa mutane ne da hiroyin ta taɓa ɗaurewa. Asalin wannan hanya daga birnin New York na Amurka ne, inda likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna a 1965 cewa idan ana bai wa mai jarabar hiroyin metadon kullum a ma'auni guda, ƙishirwar ƙwaya takan lafa har ya koma aiki ko makaranta. Daga baya aka samu magani na biyu, bufrenofin, wanda ake sakawa ƙarƙashin harshe ya narke, ana sayar da shi da sunan Subutex ko Suboxone. Faransa ta ba likitocinta damar rubuta shi a 1996, Amurka ta biyo baya a 2002, a 2005 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su duka biyun cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. A Afirka ta Yamma, birnin Dakar ne ya fara buɗe irin wannan cibiya a ƙarshen 2014. A darasin nan za mu kira su maganin riƙo, domin riƙe jiki suke yi kada ya faɗi.

Su ma dangin ofiyam ne, kamar hiroyin da mofin da kodin da tiramol, kuma wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Bambancin yana ga lokaci. Hiroyin takan hau kai nan take ta sauka cikin 'yan sa'o'i, sai mai ita ya wuni tsakanin maye da ƙishirwa, ba shi da aiki sai neman ta gaba. Metadon da bufrenofin kuwa sukan kai kwana guda, wani lokaci fiye, kafin rabinsu ya bar jini, don haka babu hawa babu gangara. Duk da haka, da wuya a sami wanda ya shekara biyu ko uku a kansu bai fara tunanin bari ba. Wani ya gaji da sammakon asibiti, wani taurin bayan gida da yawan gumi da raunin sha'awa sun dame shi, wani kuwa gorin dangi ne, wai har yanzu yana shan abin nan. Burin bari buri ne mai kyau, kuma akwai masu cim masa. Sai dai hanyar ta fi tsauri ga mai ciwon fargaba mai tsanani. Ra'ayin da zan kare shi ne, ga irin wannan mutum fargabar ce abin farawa da shi, ita ce kuma za ta tsara saurin tafiyar. Wanda ya sa ranar gamawa a kalanda tun bai san yadda zai yi da faɗuwar gabansa ba, galibi wurin mai sayar da ƙwaya yake ƙarewa.

Mafi yawan hujjojin da za mu gani daga Amurka da Ingila da Kanada suka fito, can inda maganin ya daɗe. Amma batun bai yi mana nisa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha dangin ofiyam na kemis ba don jinya ba a cikin shekara guda, akasarinsu tiramol. Ƙwaƙwalwar da ta saba da tiramol ko kodin, dokar da ke aiki a kanta ita ce ke aiki a kan ta mai metadon. Tiramol ma yana da ƙari, domin yana taɓa sinadaran da ke riƙe da nutsuwa, shi ya sa masu yanke shi farat ɗaya wasu kan faɗa cikin firgici da ruɗewa.

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan dunƙulen jijiyoyi da masana ke kira lokus seruliyus, wato shuɗin tabo da Latinanci. Shi ne babbar matattarar sinadarin noradirenalin, aikinsa kuwa irin na mai gadi ne mai usur: da ya ji motsi sai ya busa, zuciya ta ƙara sauri, ido ya buɗe, gumi ya tsatso, jiki ya yi shirin gudu. Ofiyam da danginta toshe bakin mai gadin nan suke yi. Shi kuwa ba ya haƙura, yau da gobe sai ya ƙara ƙarfin busa don a ji shi duk da toshiyar. Ranar da aka zare maganin a tashi ɗaya, an bar mutum ke nan da mai gadin da ya koyi ihu, ga shi babu mai tsawata masa. Daga nan hamma da majina da hawaye suke fitowa, da tashin tsikar jiki, da murɗawar ciki da gudawa, da ƙafafun da ba sa zama wuri ɗaya, da rashin barci, da jin kamar wani mugun abu yana tafe. A 1978 wasu likitoci a Jami'ar Yale, Mark Gold da Eugene Redmond da Herbert Kleber, suka gwada kilonidin, maganin hawan jini da ke rage noradirenalin, a kan masu wannan hali, suka ga alamomin sun sauka. Wannan ya nuna cewa ciwon yankewa da ciwon fargaba da usur ɗaya suke busawa.

Mu ɗauki mutumin da aka rage wa metadon kwana uku da suka wuce. Ƙarfe huɗu na dare ya farka, rigarsa sharkaf da gumi, zuciya tana dukan uku-uku, tafin hannu ya yi sanyi. Ya tashi zaune yana lalube a zuci: maganin ne ya yi kaɗan, ko zuciyata ce za ta tsaya, ko haukacewa zan yi? Kowace tambaya ƙara wa mai gadi iska take yi, bugun ya ƙaru, ƙaruwar bugun kuma ta tabbatar masa da zarginsa. A wannan daren fargaba uku ce ta haɗu masa, kuma raba su shi ne rabin aikin likita. Akwai wadda raguwar maganin ta haifar, wadda takan zo kwana biyu zuwa huɗu bayan ragi, tare da hamma da majina da ciwon gaɓoɓi, ta lafa da kanta bayan mako ɗaya ko biyu. Akwai tsohuwar fargaba da yake da ita tun kafin ya san ƙwaya, wataƙila ma ita ta kai shi gare ta: zullumin da ba ya yankewa, tsoron shiga jama'a, ko tabon wani tashin hankali da ya gani da idonsa. Wannan ba ta bin jadawalin ragi, maganin riƙo ya lulluɓe ta ne kawai. Ta uku ita ce tsoron ciwon yankewar kansa tun bai zo ba.

Wannan ta ukun ana raina ta, alhali an auna ƙarfinta. A shekarun 1980 masanin halayyar ɗan Adam Jesse Milby na Jami'ar Alabama ya gano cewa wani kaso mai yawa na masu shan metadon suna da tsoron barinsa wanda ya kai matsayin ciwo mai zaman kansa. A Landan kuwa, Michael Gossop da abokan aikinsa sun nuna a 1986 cewa tsananin ciwon yankewa ya fi bin yanayin fargabar mutum da irin wahalar da yake tsammani, fiye da yawan ƙwayar da yake sha kafin ya fara. Bayan shekara biyu suka gwada wani abu mai sauƙi: suka yi wa wasu majinyata bayanin abin da za su ji, yaushe zai yi ƙamari, yaushe zai sauka. Waɗanda aka yi wa bayanin sun fi samun sauƙi, kuma sun fi kai wa ƙarshen shirin. A ganina wannan na cikin binciken da ya fi amfani a fagen nan, domin ba ya cin ko sisi. Likitan da ya zauna minti goma yana bayani ya rage wa majinyaci zafin da da sai an nemi ƙwaya a kashe shi.

Me zai faru idan aka yi gaggawa? A 2011 Roger Weiss na Jami'ar Harvard da tawagarsa suka fitar da sakamakon gwajin da aka yi da mutum 653 masu jarabar magungunan kashe zafi. An ba su bufrenofin na ɗan lokaci, aka yaye su cikin wata guda. Ƙasa da kashi 7 cikin 100 ne suka yi nasara. Waɗanda suka koma ruwa aka mayar da su kan maganin na mako 12, sai kusan rabinsu suka daidaita. Da aka sake janyewa, bayan mako takwas ƙasa da kashi 9 ne suka rage a tsaye. Komawa ga ƙwaya kuma ba ita ce mafi muni ba. Wani nazari da aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2017, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa cikin kowane mutum 1,000 da ke kan metadon kimanin 11 ne ke mutuwa a shekara, amma cikin waɗanda suka bari adadin ya kai kimanin 36, kuma mako huɗun farko bayan bari su ne suka fi haɗari. Dalilin sabo ne. Jikin da ya saba da ƙwaya yana ɗaukar ma'aunin da zai kashe wanda bai saba ba, wannan sabon kuwa yana zubewa cikin 'yan makonni. A 2003 John Strang da abokansa suka bi sawun mutum 137 da aka kwantar a asibiti a Landan don a wanke jikinsu daga ƙwaya. Uku sun mutu da shan fiye da ƙima cikin wata huɗu, kuma duka ukun daga cikin waɗanda suka kammala shirin ne, wato waɗanda aka yi wa murna.

Bahaushe yana da kalma mai kyau ta wannan aiki, yaye, amma tana iya ɓatar da mu. A al'ada rana ɗaya ake yaye yaro: a shafa maɗaci, a kai shi gidan kaka, ya yi kukan kwana uku ya haƙura da kunu. Da wannan hoton a zuci ne wasu ke cewa gara a sha wuyar sau ɗaya a huta, da shi ne kuma iyaye ke kai 'ya'yansu gidan mari a kulle su. Amsar ita ce kukan metadon ba na kwana uku ba ne. Saboda daɗewarsa a jini, ciwon yankewarsa ba ya farawa da wuri, sai dai yakan ja makonni, rashin barci da kasala da zullumi kuma sukan bi mutum watanni bayan haka. Tun a 1977 Edward Senay ya kwatanta a birnin Chicago masu rage kashi 3 cikin 100 a mako da masu rage kashi 10, ya tarar masu saurin sun fi wahala kuma sun fi gudu daga shirin. A lardin British Columbia na Kanada, Bohdan Nosyk ya duba bayanan dubban majinyata na shekarun 1996 zuwa 2006, ya ga kimanin kashi 13 cikin 100 ne kawai yayensu ya ɗore, kuma waɗanda suka ɗauki fiye da shekara guda, suna ragi suna hutawa a tsakani, sun ninka masu gamawa cikin ƙasa da mako 12 nasara sau da yawa. Mai ja zai iya cewa wataƙila masu haƙurin shekara guda dama can sun fi nutsuwa, ba jinkirin ne ya taimake su ba. Da gaskiyarsa a wani ɓangare, domin binciken Kanada duba takardu ne. Amma na Senay gwaji ne da aka rarraba mutane rukuni-rukuni, kuma su biyun waje ɗaya suka nuna.

Akwai wani abin da kan ba majinyata mamaki, wato ƙarshen hanya ya fi farkonta tudu. Hotunan ƙwaƙwalwa da Mark Greenwald ya ɗauka a 2003 sun nuna cewa miligiram 16 na bufrenofin yana rufe kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren da ofiyam ke kamawa, miligiram 2 kacal kuwa yana rufe kusan kashi 40. Ke nan sauka daga 16 zuwa 14 ɗan tsani ne, sauka daga 2 zuwa sifili kuwa tsalle ne daga kan katanga. Wanda bai san wannan ba, idan ya kai miligiram 2 ya ji jiki ya ƙi, sai ya ɗauka shi ne rago. Shi ya sa likitocin da suka san aikin suke ƙanƙanta matakan ƙarshe, su kuma tsawaita tazarar da ke tsakaninsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan tsohuwar fargaba tana nan, a fara maganinta tun mutum yana kan cikakken ma'auninsa. Magunguna irin su satiralin ba sa jarabtarwa irin ta ofiyam, amma sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin su kama aiki, a kwanakin farko ma sukan ɗan ƙara fargabar. Wanda ya fara su rana ɗaya da ragi ba zai taɓa sanin wanne ke damunsa ba. Zaɓen maganin aikin likita ne, domin wasunsu, kamar sitaloferam, idan suka haɗu da metadon suna iya rikita bugun zuciya, haɗa su da tiramol kuma yana iya jawo jijjiga. Sai kuma jinyar tattaunawa da ke gyara tunani da ɗabi'a. David Clark na Jami'ar Oxford ya bayyana a 1986 cewa harin firgici yana tashi ne idan mutum ya yi wa motsin jikinsa mummunar fassara, ya ɗauki bugun zuciya a matsayin sallamar mutuwa. A wannan jinya ana sa mutum ya hau bene da gudu ko ya yi numfashi da sauri da gangan, a gaban mai kula da shi, har ya gani da kansa cewa bugun yana kai ƙololuwa cikin mintuna ya sauka, kuma bai mutu ba. Mai wannan horon, idan ya farka ƙarfe huɗu na dare, yana da amsar da zai ba kansa. Kada a manta da ƙananan abubuwa: goro da kofi da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari duk suna zuga mai gadin nan, kuma da yawa masu kukan fargaba da dare, da yamma suka saye ta a teburin mai shayi.

To me zai hana a ba mai fargaba diyazefam ya yi barci? Wannan ce tambayar da ta fi yawa, kuma ba ta wauta ba ce, domin diyazefam da danginsa suna kashe fargaba cikin rabin sa'a. Matsalar ita ce su da ofiyam duka suna danne numfashi, haɗuwarsu kuma ta kashe mutane da yawa a cikin barci. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi girma a kan haɗa su, a 2019 kuma ta yi gargaɗi a kan firegabalin da gabafentin saboda wannan dalili. Giya ma haka take. Bayan haka suna da tasu jarabar, wadda yanke ta farat ɗaya kan jawo jijjiga har ta kai ga halaka, an gudu ke nan ba a tsira ba. Amma hukumar ta ƙara da wani bayani a 2017 wanda ya kamata a riƙe: wanda aka tarar yana shan su tun farko, kada a hana shi maganin riƙo saboda haka, domin korarsa ta fi haɗari. Irin wannan mutum likita ne zai sauke shi daga diyazefam a hankali, yaye ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa maganin riƙo canjin ƙwaya ne da wata ƙwaya sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Dogaron jiki shi ne jiki ya yi ciwo idan an yanke magani, kuma hakan na faruwa har da wasu magungunan hawan jini. Jaraba kuwa ita ce mutum ya sayar da babur ɗinsa, ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya, ya ci gaba da sha yana ganin gidansa na rushewa. Mai metadon da ke zuwa aiki yana ciyar da iyalinsa yana da na farko, ya rabu da na biyu. Haka nan masu cewa fargaba raunin tawakkali ce: addu'a tana sanyaya zuciya, ba mai musun wannan, amma ba a taɓa ce wa mai ciwon sukari ya ajiye allurarsa don a auna imaninsa ba.

Akwai ƙorafin da na fi ba nauyi, na majinyatan da ke cewa asibiti yana riƙe su har abada, duk sanda suka ambaci bari sai a tsorata su da alƙaluman mutuwa. Wannan yana faruwa, kuma illarsa ita ce mutum ya fara ragewa a ɓoye shi kaɗai, wanda shi ne mafi haɗari. Jikin nasa ne, hukuncin ma nasa ne. Aikin likita ya taya shi duba ko ya daɗe bai taɓa ƙwayar titi ba, ko yana da wurin kwana da abin yi, ko akwai wanda zai kira cikin dare, ko fargabarsa ta shiga hannu, sannan su tsara tafiyar tare, da yarjejeniyar cewa duk matakin da ya yi zafi za a tsaya a kai, in ta kama ma a koma na baya. Lokacin rasuwa ko rabuwar aure ko rasa aiki ba lokacin ragi ba ne. Mace mai juna biyu kuwa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ta zauna kan maganinta. Idan tunanin kashe kai ya fara leƙowa, a dakatar da ragin a ga likita a ranar.

Bayan kofin ƙarshe, watanni uku zuwa shida na farko suna buƙatar ganin likita fiye da da, ba ƙasa da haka ba. Wasu sukan zaɓi naltirezon, maganin da ke toshe aikin ofiyam, amma sai jiki ya yi kwana bakwai zuwa goma, ko fiye ga mai metadon, babu ɗigon ofiyam, in ba haka ba zai tayar da ciwon yankewa mai tsanani nan take. Wanda ya ji ƙishirwa ta dawo, komawa kan maganin riƙo ya fi gwada ƙwayar titi sau ɗaya, domin ma'aunin da yake sha bara zai iya tsayar da numfashinsa bana. Inda ake samun nalozon, maganin da ke farfaɗo da wanda ofiyam ta danne, a ajiye shi a gida, mutanen gidan kuma su san alamun: ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, numfashi ya yi jinkiri ko ya koma minshari mai gargada, leɓe ya canza launi, a girgiza shi bai motsa ba. A ba shi nalozon, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti ko da ya farka ya ce lafiyarsa ƙalau, domin ƙarfin nalozon yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, metadon kuwa yana nan a jini har gobe.